Wa ya ƙirga shekarun? Daga gindin Dala zuwa hamadar Tenere

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci muna zaune a soron gidanmu a unguwar Dala, sai ƙanena ya miƙa wa kawu waya yana nuna masa hoton wani baƙin kwale-kwale da aka turo a WhatsApp, an rubuta a ƙasansa wai ya shekara dubu takwas. Kawu ya gyara zaman gilashinsa ya daɗe yana kallo, can ya mayar masa da wayar ya ce "to wa ya ƙirga? Shi mai rubutun yana wurin aka sassaƙa shi ne?" Yara suka yi dariya amma ni gaskiya tambayar ta tsaya min a rai, don tambaya ce ta mai hankali, kuma ita ce dai mutanenmu da yawa ke yi duk lokacin da aka ce an tono wani abu mai shekaru kaza. Ni kuma na daɗe ina bibiyar harkar nan ta tonon kayan tarihi, shi ya sa na ce bari na zauna na warware ta yadda na fahimce ta.

Kawun nan nawa da ƙuruciyarsa haƙar rijiya ya yi, ya fi shekara ashirin yana yi a cikin gari da ƙauyuka, don haka da shi na fara. Na ce Kawu in kana haƙa me kake fara tararwa? Ya ce ai ya danganta da wuri, amma a cikin birni sai ka wuce baƙar ƙasa mai toka da tarkace tukunna, sannan jar ƙasa, sannan marmara ta tare ka, kafin ka kai ga yashi mai damshi. Na ce to wadda take ƙasa da wadda take sama wacce ta riga zuwa? Ya ce "kai ma ka sani, ta ƙasan mana." To wallahi rabin ilimin nan ke nan ya faɗa da bakinsa. Ƙasa hawa-hawa take taruwa, gini ya rushe a baje shi a yi wani a kai, a zubar da toka da shara, damina ta kawo laka ta rufe, shi ya sa za ka shiga wasu tsofaffin gidaje a cikin birni sai ka ga gangarawa kake yi, lungu ya fi tsakar gida tudu. Abin da ke ƙasa ya girmi abin da ke samansa, in dai ba wani ya zo ya yamutsa wurin ba. Wannan sharaɗin na ƙarshe a riƙe shi, don duk maganar a kansa take.

Sai dai hawa-hawar ƙasa tana gaya maka wanda ya girmi wani ne kawai, ba ta ba ka adadin shekaru. Adadin daga wani gwaji yake zuwa da ake kira kabon-14, wanda wani masanin sinadarai ɗan Amurka Willard Libby ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940, har aka ba shi kyautar Nobel a 1960. Yadda abin yake: a cikin iskar da ke kewaye da mu akwai wani nau'in sinadarin kabon ɗan kaɗan da ba ya zama daram, kullum raguwa yake, kuma kullum ana samun sabo a can saman sararin samaniya. Bishiya da ciyawa suna shaƙarsa, dabba ta ci ciyawa, mutum ya ci hatsi ya ci nama, saboda haka duk mai rai yana ɗauke da shi daidai gwargwado. Ka ɗauka randa ce mai ɗiga amma kullum ana ƙara mata ruwa, ba za ka ga ta ragu ba. Ranar da aka sare bishiyar ko dabbar ta mutu an daina ƙarin ruwa ke nan, saura ɗiga. Kuma an auna saurin ɗigar, duk shekara 5,730 rabin abin da ke ciki yake tafiya. Bayan 11,460 saura kwata, bayan 17,190 saura rabin kwata, haka haka har wajen shekara 50,000 inda abin da ya rage ya yi ƙanƙantar da na'ura ba ta iya dogara da shi. In aka kai ɗan guntun itace ko gawayi ko ƙashi ɗakin gwaji, abin da suke aunawa shi ne saura nawa a randar. Kuma ba sa ba ka shekara ɗaya tak, tazara suke bayarwa, su ce tsakanin kaza da kaza, sannan su gyara lissafin da zoben shekara-shekara da ke cikin kututturen tsofaffin bishiyoyi, waɗanda su ana iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya da ido.

To mu koma kan kwale-kwalen. A 1987 ne wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya don shanunsa a kusa da ƙauyen Dufuna a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, ya kai wajen mita 5, kusan gaba uku ke nan a ma'aunin su kawu, sai ya ci karo da wani abu mai tauri, ya duba ya ga itace ne baƙi sassaƙaƙƙe. Abin da mutumin nan ya yi shi ne ya cece mu baki ɗaya: bai faskara ya kai gida an hura wuta ba, ya je ya faɗa wa mai gari, magana ta yi ta tafiya har ta kai jami'ar Maiduguri. A 1994 masana daga can da abokan aikinsu na jami'ar Frankfurt ta Jamus, cikinsu har da Peter Breunig, suka tono shi gaba ɗaya. Tsawonsa mita 8.4, faɗinsa wajen rabin mita, daga kututture guda aka fafe shi, goshinsa da bayansa a fiƙe tsaf irin aikin wanda ya gaji sana'ar. Aka kai gutsattsarinsa ɗakunan gwaji biyu daban-daban, duka biyun suka nuna kabon ɗin da ya rage bai wuce wajen kashi 40 cikin 100 ba, da aka gyara lissafi ya kama shekara 8,000 ko ma fiye. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a duk Afirka, ya girmi dalar Masar da sama da shekara dubu uku, a duniya ma 'yan ƙalilan ne irin na ƙasar Holan suka girme shi.

Kawu da ya ji haka sai ya kawo tambaya ta biyu, kuma ita ta fi burge ni: me jirgi mai tsawon nan yake yi a wurin da makiyayi ke haƙa rijiya don neman ruwan shanu? Amsar ita ce wurin a da ba haka yake ba. Tsakanin wajen shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce damina tana hawa arewa sosai fiye da yanzu, saboda ɗan sauyin da ake samu a yadda duniya ke karkata da kewaya rana a tsawon dubban shekaru, wanda ya sa zafin bazara ya ƙaru a arewacin Afirka ya riƙa janyo iska mai ruwa daga teku har cikin Sahara. Tafkin Chadi a lokacin faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 350,000, kuma har gobe tsohon bakin gaɓarsa yana nan, wani dogon tudun yashi ne da ya ratsa ta Maiduguri ya nufi Bama. Mu ma nan Kano muna cikin labarin, don ruwan Challawa da kogin Kano su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, su gangara Komadugu Yobe su faɗa Chadi. Wanda ya sassaƙa jirgin nan a ƙarshen ruwanmu yake zaune.

Can arewa a Nijar, cikin hamadar Tenere inda yau ko ciyawa sai an yi da gaske, akwai wani wuri Gobero da tawagar Paul Sereno na jami'ar Chicago suka faɗa a kai a shekarar 2000 suna neman wani abu daban. Maƙabarta ce mai kaburbura wajen 200 a bakin wani tafki da ya ƙafe tuntuni. A cikin tarkacen abincinsu akwai ƙashin giwan ruwa, da na kada da dorina, da mashin kamun kifi da aka fiƙe daga ƙashi. Al'umma biyu ne suka zauna a wurin a lokuta daban, na farko dogaye ƙaƙƙarfa masunta, sai fari ya zo na kusan shekara dubu wurin ya zama kufai, da ruwa ya dawo wasu mutane daban marasa girman jiki suka zo. A cikin na biyun ne aka samu wani kabari da duk lokacin da na ga hotonsa sai jikina ya yi sanyi: mace da yara biyu an kwantar da su suna fuskantar juna, hannuwan yaran a miƙe zuwa gare ta, sama da shekara 5,000 ke nan, kuma da aka duba ƙasar da ke ƙarƙashinsu da madubin ƙara girma sai aka ga garin fure, alamar a kan furanni aka shimfiɗe su. Ka lura, labarin nan gaba ɗaya a yadda suke kwance yake da kuma 'yar ƙasar da ke ƙasansu. Da wani ne ya kwashe ƙasusuwan a buhu ya kawo, da ƙashi kawai za a gani.

Nan gida ma muna da namu, kuma a gindin gidanmu yake. Tarihin Kano da aka rubuta ya fara jerin sarakuna ne daga Bagauda a wajen 999, ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala kafin zuwansa, kuma akwai zancen da aka gada cewa Abagayawa maƙera ne da suka taso daga Gaya suna neman tama suka sauka a nan. Shekara da shekaru wannan labarin baka ne kawai. Sai aka gwada gawayin da aka samu a wurin narka tama a gindin Dala, ya nuna ƙarni na 7 miladiyya, wato ƙarnin da aka yi Hijira a 622. Ke nan fiye da shekara 300 kafin Bagauda akwai mutane a nan suna zuga wuta suna fitar da ƙarfe daga dutse. Kuma a duba da kyau, gawayin da aka tarar tare da kashin maƙera, wato dattin da ke saura in an narka tama, a wuri guda shi ya ba da shekarun, da an raba su da shi ke nan babu mai cewa ga lokacin da aka yi aikin.

Wannan shi ya kawo ni kan abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Shekaru kaɗan baya maƙwabcinmu ya sa aka haƙa masa sokawe, ina tsaye a bakin ramin da safe. Sama-sama leda ce da fasassun kwalabe da wani tsohon takalmin roba, da suka yi ƙasa kamar tsayin mutum sai ga wani layin toka fari fat ya zagaye ramin kamar an ja shi da alli, ƙarƙashinsa tsingaro birjik masu kauri da zane a wuya irin wanda ban taɓa gani a tukwanen yanzu ba, sai kuma wasu baƙaƙen dunƙule masu nauyi da ƙananan ramuka a jiki, ɗaya daga cikin leburorin ya ɗaga ya ce kashin maƙera ne ya wurga kan tsibin ƙasa. Kafin la'asar an kwashe ƙasar duka an kai an cike wani kududdufi da ita. Na tsinci dunƙule ɗaya yana nan a tagar ɗakina, amma ban ɗauki hoton ramin ba, ban auna zurfin ba, ban ɗebi tokar ba, don a lokacin ban san su ne masu muhimmancin ba. Har yau abin yana damuna.

A babban mataki abin da ya faru da Nok ke nan. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna, a 1943 kuma aka kawo wa wani Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg wani kai na yumɓu da wani ya daɗe yana amfani da shi a gonar doya don tsorata dabbobi, shi ne ya gane cewa salonsu ɗaya ya haɗa su ya sa musu sunan Nok, daga baya ma shi ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Da kasuwar kayan nan ta buɗe a Turai sai aka shiga haƙar ɓarayi ba ji ba gani, ana fasa wurare ana ciro kawuna a watsar da sauran. Lokacin da masanan Frankfurt suka fara aiki mai zurfi a yankin daga 2005 sun tarar mafi yawan wuraren an riga an yamutsa su. Amma 'yan waɗanda suka tsira ɗin nan kaɗai ka ji abin da suka bayar: mutanen sun fara zama tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), gero suke nomawa da wake, abincinmu na yau ke nan, daga baya suka iya narka tama, kuma wani bincike da aka fitar a 2021 ya gano burbushin kakin zuma a jikin wajen kashi ɗaya cikin uku na fasassun tukwanen da aka gwada, wato shekara 3,500 baya suna cire zuma. Duk wannan daga ƙonannun ƙwayoyin hatsi da tsingaro ya fito, abubuwan da ɓarawo ke takewa da ƙafa yana neman kan da zai sayar. Haka a Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani a Katsina, kaburburan manya na wajen ƙarni na 13 zuwa 14, an samu kuɗin wuri da zinare da tasar tagulla da ta fito tun daga ƙasashen gabas, shaidar fataucin Sahara a hannu.

Na san wasu za su ce ai gumaka ne me ruwanmu da su. Ni dai fahimtata, nazarin abu daban bauta masa daban, kuma a Suratul Ankabut aya ta 20 an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Allah Ya fara halitta.

Sai kuma su dainoso, manyan dabbobin nan da wasu ke ce wa kakannin ƙadangare. Su kabon-14 ba ya aiki a kansu sam, randar ta ƙafe tun tuni, ga shi ƙashin ma ya riga ya zama dutse, don laka ta binne shi da wuri ruwa mai ma'adinai ya yi ta ratsa shi har ma'adinan suka cike gurbinsa. Abin da ake yi shi ne a nemi wata randar mai jinkirin ɗiga, kamar yuraniyom da ke rikiɗa ya koma darma, wanda wani nau'insa sai ya shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya tafi, ana samunsa a cikin ƙananan duwatsun da aman wuta ya watsa, a auna hawan da ke sama da na ƙasa a san ƙashin yana tsakani, inda babu irin wannan kuma a kwatanta hawan da irinsa na wani wuri da aka riga aka auna. Nijar tana cikin wuraren da suka fi ko'ina arzikin ƙasusuwan dainoso a Afirka. A Gadoufaoua, kudu maso gabas da Agadas, Faransawa masu neman yuraniyom ne suka fara ganin ƙasusuwa a fili a kan yashi, wani masani Bafaranshe Philippe Taquet ya yi aiki a wurin tun shekarun 1960. Daga nan aka samo Nigersaurus mai tsawon mita 9 da haƙora sama da 500 a baki mai faɗi, yana kiwo a ƙasa kamar saniya wajen shekara miliyan 110 da suka wuce, da wani kada Sarcosuchus wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya kusa tsayin mutum. A ƙasar Sakkwato ma akwai wata dabbar teku da aka sa wa suna Goronyosaurus saboda a yankin Goronyo aka tono ta, don wajen shekara miliyan 70 baya wani reshen teku ne ya ratso Sahara ya kwanta a wurin. Farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a ƙarƙashin teku ta taru, daga ɓawon halittun ruwa.

In ka bi ta gefen badala yau, ganuwar da Sarki Gijimasu ya aza harsashinta tsakanin 1095 da 1134, aka yi ta faɗaɗa ta har zamanin Muhammadu Rumfa da bayansa, za ka ga inda aka ɗebe ta aka yi bulo, inda aka yanka aka yi shago, inda ta zama juji. Ganuwar nan cike take da tsingaro da gawayi na zamanin da aka ɗora kowane sashe, da an bi ta a tsanake da ita kanta za ta faɗi wane ɓangare ne na wane sarki. Kuma ba wai babu inda za a kai magana ba ne, Gidan Makama yana nan daf da fadar sarki ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979, jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashe guda na wannan ilimin, kuma doka ta hana sayar da irin kayan nan ko fita da su waje ba izini. Yanzu kowane lebura da waya a aljihunsa, hoto ɗaya kafin a ɗaga abu daga inda yake kwance, da sanda ko shebur a gefe don a gane zurfin, ya fi abin da ni na yi nesa ba kusa ba.

Da na gama kawu ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce akwai wata rijiya da ya haƙa a bayan Goron Dutse tun kafin a haife ni, a gaba na huɗu ya tarar da bakin wata tukunya a kife, ya ciro ya jefar. Ya ce "ɗan nan, da na ajiye ta za su iya gaya min shekarunta?" Na ce Kawu abin da za su fara tambayarka shi ne me ke samanta me ke ƙasanta. Sai ya tanƙwashe ƙafa ya fara lissafo min da yatsu: gaba ɗaya da rabi baƙar ƙasa, sai ja, sai wani siririn layin gawayi bai fi faɗin tafin hannu ba, tukunyar tana ƙarƙashinsa kai tsaye, daga ita sai marmara. Na ce wa ƙanena ya miƙo biro da takarda, kawu ya sake faɗa a hankali ina rubutawa.